Wasiƙa zuwa ga aminina a Jalingo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta, ya kuma sabon wurin aiki? Mu nan Kano sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, kuma na ga abin da ke damunka: samari ana kawo su asibitinku suna jijjiga alhali ba farfaɗiya a danginsu, dattawa da kumburin ciki da ciwon shawara, in ka tambaye su ko suna shan wani abu kowa ya ce a'a. Ka ce in gaya maka yadda muke gano matsalar shaye-shaye a wajenmu. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Zarginka yana kan hanya. Binciken da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramol da kodin, miliyan 2.4 maganin tari na ruwa, wasu kuma suna haɗa fiye da ɗaya. Kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. To mutanen nan ba wani asibiti dabam suke zuwa ba, su ne dai a kan bencinka da safe, da ciwon kai da rashin barci da gyambon ciki.

Saboda haka ni kowa nake tambaya. Ba na zaɓen mai jajayen idanu in ƙyale mai babbar riga. Kuma ina faɗa wa mutum tun farko cewa tambayoyin nan kowa nake yi wa su, saboda in san irin maganin da zan ba shi. Wannan kaɗai yana sauke masa rabin nauyin. Sai kuma wurin: yaro ba zai taɓa amsa maka gaskiya mahaifinsa na tsaye a kansa ba. Nakan ce, "Baba, ku ɗan ba mu wuri zan duba shi, yanzu zan kira ku." Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi ba. Mace ma haka, ba a gaban miji ko uwar miji ba, kuma in akwai ma'aikaciya mace a kusa, ita ta fi dacewa ta yi tambayar.

Yadda ka jera tambayar ma yana da tasiri sosai. Ina farawa da goro da shayi da sigari, in gangaro kan maganin gajiya da maganin barci da yake saye a kemis, sannan wiwi da sholisho, giya a ƙarshe. A nan Kano mutum zai amsa maka tiramol cikin sauƙi domin a ganinsa magani ne, amma giya sai ya rantse. A wajenku ina jin za ka gamu da akasin haka a wasu ƙauyukan, inda burkutu abin sha ne na kullum, wanda ya wuni a kansa zai ce maka da gaskiyarsa shi ba ya shan giya, domin shi ta kwalba yake nufi. Sai ka ambaci kowanne da sunansa: burkutu, ogogoro, 'yar leda. Kuma ka guji "kana sha?", domin amsarta a'a ce. Ka ce, "Kati nawa ke isarka a rana?" ko "Yaushe rabonka da shi?" Mutum in ya ga fuskarka ba ta sauya ba, sai ka ji ya fara lissafi. Wa'azi kuwa ka ajiye shi. Ya sha jin sa a gida da masallaci ko coci, ya san haramun ne, ya san yana cutar da shi. In ka fara, bakinsa ya rufe ke nan, kuma ba zai dawo ba.

Ka tambaye ni takardun gwaji. Biyu muke amfani da su, duk na Hukumar Lafiya ta Duniya. AUDIT na giya ne kawai, tambaya 10, maki daga 0 zuwa 40. Daga 8 zuwa sama shan ya shiga haɗari, 8 zuwa 15 gajeriyar shawara ta wadatar, 16 zuwa 19 sai da zama da bibiya, daga 20 kuwa ana zargin jiki ya riga ya kamu, sai a tura shi gaba. Inda yake ba mu wahala shi ne ma'auni. Takardar tana ƙirga sha ɗaya a matsayin giram 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya ta 60cl da ake sayarwa a ƙasar nan ta haura sha biyu, don haka mai ce maka "kwalba uku kacal" ya sha bakwai ko kusa da haka. Burkutu kuma ba wanda ya san ƙarfinsa, ƙoƙon wannan gida ba na wancan ba ne. Nan sai ka tambayi kuɗin da yake kashewa, da ƙarfe nawa yake farawa, da ko yakan nemi abin da sassafe kafin hannunsa ya daina rawa. Wannan ta ƙarshen ta fi makin gaya maka gaskiya.

ASSIST shi ya fi dacewa da mu, domin ya haɗa taba da giya da wiwi da hodar iblis da abin shaƙa da ƙwayoyin barci da dangin tiramol, yana duban wata uku da suka wuce, tambaya 8 ne, ta ƙarshen kan allura. Kowane abu da makinsa dabam, 27 zuwa sama babban haɗari ne. Amfaninsa a wurina shi ne yana hana ni tsayawa a kan abu ɗaya. Da wuya ka samu yaro a kan abu guda: tiramol da safe don aiki, wiwi da yamma, diyazefam ko rochi da dare don barci. Sai dai kada ka karanta masa takardar kamar ɗan sanda na ɗaukar jawabi. Ka haddace ta, ka saƙa ta cikin hira, ka cike bayan ya fita.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin nan ake rasa rai. Kafin komai ka gano abin da zai iya kashe mutumin a makon nan. Wanda jikinsa ya saba da giya, in ya daina farat ɗaya, rawar jiki da gumi sukan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyowa a kwana ɗaya zuwa biyu, a kwana na biyu zuwa na uku kuma ruɗewa da gane-gane, wanda yana kisa in ba a kula ba. Sau da yawa dattijon da aka kwantar don karaya ko tiyata ne zai rikice a dare na uku, a ce aljanu ko hawan jini, alhali ba wanda ya tambaye shi abin da yake sha. Irinsa yana buƙatar diyazefam bisa ƙa'ida da sinadarin tayamin, wato bitamin B1, ka ba shi tayamin ɗin kafin ruwan sukari ko tare da shi. Mai ƙwayar barci ma ba a yanke masa lokaci guda, a hankali ake ragewa. Samarinka masu jijjiga kuwa, ka tambayi tiramol, domin in ya yi yawa yana sa jijjiga. Iyakar abin da likita ke bayarwa a rana miligiram 400 ne, na bayan fage kuma ƙwaya ɗaya 225 ce, yaro ya watsa uku ko huɗu a shayi. Wanda aka kawo a sume, numfashi a hankali, ƙwayar ido ta tsuke, ka nemi allurar naloxone mai karya ƙarfin dangin tiramol da kodin, ka kuma tabbatar tana cikin kabad ɗinku tun yanzu. Mai sikila da ke yawan neman allurar kashe ciwo ta fentazosin, ka duba cinyoyinsa da damatsansa, amma kada ka manta ciwonsa na gaske ne. Duk mai allura a yi masa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. Mace a tambaye ta batun ciki. Kuma kowa, cikin natsuwa, ka tambaye shi ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya za ka ji ya yi.

Iyaye za su matsa maka a yi gwajin fitsari. Yana da amfani, amma ka san iyakarsa. Gwajin da aka saba yi na dangin kodin ba ya kama tiramol sai an sayi nasa na musamman, wiwi kuma yakan daɗe makonni a jikin mai yawan sha bayan ya bari. Gwajin ba ya gaya maka nawa ake sha, ko me ya sa.

Dalilin nan kuwa dole a tambaye shi: "Me yake yi maka?" Ɗan acaba da lebura da manomi za su ce ƙarfin aiki. Matar aure za ta ce barci, ko ta samu sauƙin abin da ke ranta, in ka ba ta lokaci sai ka tarar da ciwon damuwa ko duka a ƙarƙashi. Wani muryoyi yake ji tun kafin ya fara wiwi. In ba ka san abin da ƙwayar ke toshe masa ba, ka raba shi da ita, cikin wata guda zai koma. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 muke ganin haka, da yawa ba su daina ba, sun sauya abin sha ne kawai.

In kun fita unguwa ko ƙauye, ku fara da mai unguwa da limami da fasto, amma kada a tara mutane a ce masu shaye-shaye su fito, ba wanda zai fito. Ku je da awon hawan jini da sukari, tambayar ta shiga ciki. Kuma ka yi wa iyaye magana a kan gidan mari. Ka tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu cikin sarƙa. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin wuraren ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su ne, shi ya sa dole ka nuna musu wata ƙofar. Ka kuma gargaɗe su: wanda ya fito daga ɗauri ko kurkuku jikinsa ya manta da ƙwayar, in ya koma kan adadinsa na da, zai iya mutuwa a ranar. Waɗanda suka fi ƙarfinka, ka nemi sashen ƙwaƙwalwa mafi kusa da kai, akwai kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. Ka rubuta musu abin da ake sha, adadinsa, da ranar sha na ƙarshe.

Zan turo maka takardun biyu ta WhatsApp, da yadda muke faɗin tambayoyin da Hausa, kai kuma ka nemi wanda zai mayar maka su Fulatanci da Mumuye. Ka rubuto mini yadda ta kasance bayan ka gwada na wata ɗaya, musamman batun ma'aunin burkutu, ina so in ji yadda za ka warware shi. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida Inna in kun yi waya. Allah ya taimake ka a kan aikin, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Naka amini.