Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta masu neman rabuwa da giya a Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Ga rahoton abin da muka yi a bana daga hannun sakatare, wanda bai samu zuwa zaman ƙarshe ba sai ya karanta a nan, amma dan Allah kar a tura wa na waje, ba sunan kowa a ciki kuma haka za mu ci gaba.

Zaman mako alhamdulillahi bai yanke ba, ko da damina da ruwa ya riƙa tsare 'yan Samaru da Shika a hanya an zauna da waɗanda suka samu isowa. Har yanzu ɗakin nan ne na Tudun Wada da wani bawan Allah ya ara mana, tabarma biyu da butar shayi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance ba mai katse shi ba mai yi masa wa'azi, Allah ya saka masa da alheri.

Abin da ya fi cin ƙarfinmu a bana shi ne yadda mai nemanmu zai same mu. Duk wanda yake son burukutu ko ogogoro ya san hanyar Sabon Gari ba sai an nuna masa ba, amma ranar da ya gaji ya ce shi kam yana so ya daina bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, mu kuma ba za mu kafa allo ba don wallahi magidancin da ke cikin birni gara ya mutu da ciwonsa da a gan shi yana shiga wurin da aka rubuta mashaya. Wasu sun ce mana sun duba intanet sun ga mitin na Alcoholics Anonymous, ƙungiyar nan da aka fara a Amurka a 1935, ana yi ta Zoom, amma ga Turanci ga kuɗin data ga kuma ba ka ganin mutum ido da ido. Mu ba reshensu ba ne, abin da muka ɗauko kawai ɓoye suna, da rashin kuɗin shiga, da cewa yau kaɗai mutum zai yi ƙoƙarin kamewa, gobe sai Allah ya kai mu. To dabarar da muka yi ita ce layin waya ɗaya da ake riƙewa bi da bi, muka ba wasu nas-nas da masu kemis da limamai da wani fasto a Wusasa lambar, in mutum ya kira ba a kwatanta masa wuri, ɗayanmu ne zai je ya tarye shi a Ƙofar Doka ko PZ su shigo tare. Gaskiya wannan rakiyar ta fi komai aiki, yawancin sababbinmu ta haka suka zo, wani ma sai da ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa na rawa ya ce a bar shi ya koma, aka miƙa masa kofin shayi a nan waje ya sha kafin ya iya cire takalmi.

Maganar rawar hannu, dole in sake jan kunne musamman gab da azumi lokacin da mutane ke yanke sha rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha kullum in ya tsaya farat ɗaya zai iya yin gumi da amai da farfaɗiya, a kwana na 2 zuwa na 3 ma ya fara gane-gane da sambatu, a gida sai a ce iska ce alhali abin yana kisa. Mu ba likitoci ba ne, irin wannan mun raka su asibitin koyarwa na Shika, wasu kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, daga baya su dawo zama.

Matasa sun ƙaru, 'yan acaɓa da masu keke, kusan duk da giyar leda suka fara don tana shiga aljihu ba mai gani, ita ce NAFDAC ta sanar da haramtawa a 2024 haɗe da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Akwai kuma 'yan uwanmu da suka koma sha bayan sun daɗe da bari, ba mu cire kowa ba kuma ba za mu cire ba, mun tuna Manzon Allah (SAW) ya hana a tsine wa sahabin da aka sha kawowa kan giya ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Wanda ya san gidan ɗayansu ya leƙa shi dan Allah.

Kuɗi kuwa abin da ake jefawa a gwangwani ne, ya tafi a shayi da kati da kuɗin motar marasa hali, ma'aji zai karanto dalla-dalla.

Inda muke da giɓi babba shi ne mata. Matan aure suna kira suna kuka kan mazajensu, akwai kuma masu sha da kansu da ba za su taɓa zama cikin maza ba, don haka baɗi in sha Allahu muna son buɗe zaman mata daban da mace za ta jagoranta, sai kuma zama na biyu a Samaru. Duk mai ɗakin da zai ara ko 'yar uwar da za ta iya riƙe wannan amana ya yi wa shugaba magana a zama mai zuwa bayan la'asar.