Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu wasan Dungeons & Dragons

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi maza da mata. Kamar yadda muka saba, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta abin da muka yi a shekarar da ta shige, domin kowa ya karanta kafin babban taro.

Zaman mako-mako ya ci gaba, in ban da hutun azumi da na sallah biyu. Mun samu sababbin mambobi, akasarinsu ɗalibai, aka buɗe musu tebur nasu da jarumai 'yan matakin farko. Iyayen wasu daga cikinsu sun zo sun gani da idonsu, muka bayyana musu cewa labari ne ake ƙagawa a baki, da takarda da fensir da 'ya'yan lido, ba a sa kuɗi, kuma ana tashi in an kira salla. Mun sayi littafin 'yan wasa sabon bugu, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a watan Satumba na 2024, tsohon na 2014 kuma yana nan a akwatin ƙungiya. Lissafin kuɗin shiga da na fita ma'aji zai karanta shi da kansa.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana sihiri ɗaya ne tak, wato Teleport, wanda ake ɓacewa da shi daga wuri a bayyana a wani wuri nan take. Dalili kuwa shi ne babban teburinmu ya kai mataki na 13, inda boka yake fara samun sihirin daraja ta bakwai. Tun daga ranar gardama ta shigo, har akwai zaman da aka tashi ba a yi wasa ba sai musu. Saboda haka muka ga ya dace a rubuta abin da littafi ya faɗa da abin da mu muka yanke, kowanne daban.

Ga abin da littafi ya faɗa. Mai sihirin yana ɗaukar kansa da wasu har takwas, matuƙar sun yarda, yana ganinsu, kuma ba su wuce ƙafa 10 daga gare shi ba. Ko kuma ya aika da abu guda ɗaya. Wurin da za a je dole ya san shi, kuma ya kasance a duniyar da yake ciki. Mai son tsallakawa wata duniya sai ya nemi wani sihirin daban, Plane Shift. Daga nan jagoran wasa ya jefa 'ya'yan lido biyu masu fuska goma, su ba da lamba daga 1 zuwa 100, a duba jadawali. Wanda ya san wuri sosai yana sauka daidai daga 25 zuwa 100. Wanda ya ɗan taɓa ganinsa jefi-jefi sai ya samu 54 zuwa sama. Wanda sau ɗaya ya gani, ko labari kawai aka ba shi, sai 74 zuwa sama, kuma daga 1 zuwa 43 hatsari ne: kowa ya sha raunin 'ya'yan lido uku masu fuska goma, sannan a sake jefawa, kuma hatsarin yana iya maimaituwa. Wato mai tafiya da jita-jita ya fi kusa da rauni fiye da isa inda ya nufa.

Haka ta faru a babban tebur da damina. Sun leƙa ɗakin wani mugun waziri ta madubin sihiri sau ɗaya, suka ce a tafi. Jagora ya jefa, hatsari. Ya sake, hatsari. A karo na uku sai jadawali ya ba su wuri mai kama da wanda suka nufa, suka tsinci kansu a ɗakin karatun wani attajiri, jini na zuba, maigadi na ihu. Mai bokan ya miƙe tsaye yana cewa ai ya ƙura wa madubin ido na tsawon lokaci, don haka ya san wurin sosai. Jagora ya ce littafi ya ambaci gani ta hanyar sihiri ne a ƙarƙashin "gani sau ɗaya". Kwamiti ya goyi bayan jagora a wannan, amma mun yarda akwai ƙamshin gaskiya a ɗaya ɓangaren, tunda littafin ya lissafa wurin da aka yi nazarinsa da kyau cikin sanannun wurare. Hukuncinmu: leƙe ɗaya gani ɗaya ne, wanda ya yi ta leƙawa kwanaki daban-daban yana zana taswira, jagora na iya ɗaga shi zuwa matsayi na gaba. Mafi muhimmanci, jagora zai faɗi matsayin kafin a jefa lido. Da an yi haka ranar nan da ba a kai ga ɗaga murya ba.

Sai batun duwatsu. Littafi ya ce wanda yake riƙe da abin da aka ɗauko daga wurin cikin wata shida da suka wuce ba ya kuskure ko kaɗan, daidai da wanda ya haddace alamomin da'irar sihiri ta dindindin. Da jin haka wata 'yar uwarmu ta sa jarumarta ta ɗinka jaka, duk garin da aka shiga sai ta tsinci tsakuwa ta naɗe a tsumma. Wasu suka ce wayo ne ya yi yawa, a hana. Ni dai ban ga laifinta ba. Ta karanta doka ta yi aiki da ita, kuma misalan littafin kansu sun haɗa da ɓallin dutsen marmara daga kabari. Abin da muka ƙara kawai shi ne a rubuta kowane abu a takardar jarumi tare da ranar da aka ɗauko shi bisa kalandar labarin, kuma in wata shida sun cika ya zama tsakuwa kamar kowace. Jagorori ma su tuna jaka tana iya ɓata, ana iya sace ta.

Tambayar jirgin ruwa ta fi wannan wuya. In ka ɗauko ƙusa daga jirgi, jirgin ya yi gaba, ina za ka sauka, a kan jirgin ko a tsakiyar tekun da ya bari? Littafi bai yi magana ba. Mun yanke cewa jirgin shi ne wurin, a kansa ake sauka. Mutum biyu a kwamiti ba su yarda ba, kuma sun nemi a rubuta hakan.

Sauran tambayoyin ba su ɗauki lokaci ba. Wanda ya ɓace da sihiri daga gaban abokin gaba ba a kai masa sarar nan da ake kai wa mai juya baya, wannan a rubuce yake. Ba a jan wanda bai yarda ba, ko da an riƙe masa wuya. Wurin da aka kare da sihirin tsaro na Forbiddance ba ya shiguwa. In wurin da aka nufa babu shi sam, misali an yaudari boka da hoton ƙarya, to daga 1 zuwa 50 hatsari, daga 51 zuwa 100 wuri mai kama, babu zancen isa. Ga sababbin mambobi masu rikita sunayen sauran sihirin ɓacewa: Misty Step daraja ta biyu ce, ƙafa 30, zuwa inda ido ke gani, Dimension Door ta huɗu ce, ƙafa 500, da abokin tafiya ɗaya.

Wanda ya suma fa, ya yarda ko bai yarda ba? A wani tsohon bugun wasan, na 3.5, an rubuta ƙarara cewa sumamme ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yarda, shi ya sa tsofaffin hannu a cikinmu suke ta rantsuwa haka dokar take. A bugu na biyar, wato littattafanmu na 2014 da 2024, babu wannan jimlar. Mun yanke cewa a tambayi mai jarumin: in ya ce da yana farke zai bi 'yan uwansa, a tafi da shi. Abokin gaba da aka sumar kuwa ba a ɗaukarsa a matsayin mai yarda, in ba haka ba kowane sarki a labari sai an sace shi cikin dare.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin littattafanmu biyu da ya kamata kowa ya sani, domin ya taɓa haɗa tebur biyu faɗa. In jadawali ya ce an kauce wa wurin da aka nufa, bugun 2014 yana jefa 'ya'yan lido biyu masu fuska goma, a ninka ɗaya da ɗaya, abin da ya fito shi ne kaso cikin ɗari na nisan tafiyar. Misalin littafin: tafiyar mil 120, aka samu 5 da 3, kaso 15 ke nan, mil 18. Bugun 2024 ya sauƙaƙa, 'ya'yan lido biyu masu fuska 12, a haɗa, mil 2 zuwa 24 komai nisan tafiya. A doguwar tafiya sabon ya fi sauƙi, amma mai son tsallaka gari kawai yana iya tsintar kansa a daji. Kowane tebur ya zaɓi bugu ɗaya tun farkon labari, ya rubuta a bangon littafin zamansa.

An kawo shawarar a soke jadawalin gaba ɗaya, a bar sihirin ya riƙa kai mutane lafiya. Kwamiti bai karɓa ba. In babu haɗari, babu sauran dalilin neman taswira, ko hayar ɗan jagora, ko zama shekara guda cur ana zana da'ira kullum da alli da tawada na zinariya 50 don ta zama ta dindindin. Masu kuka da tsanani su tambayi dattawanmu yadda abin yake a tsohon bugun zamanin Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, inda boka kan iya bayyana a cikin ƙasa ya mutu nan take.

Abubuwan da za a tattauna a babban taro: batun jirgin ruwa, tunda masu adawa sun nemi a kaɗa ƙuri'a, neman ƙarin jagorori, musamman mata, saboda teburin ɗalibai ya riga ya cika, da sayen fitila mai caji saboda ɗauke wuta. Za a buga waɗannan hukunce-hukunce a takarda ɗaya a saka cikin kowane littafi. Wanda ya ari jakar 'ya'yan lido ta ƙungiya, don Allah ya zo da ita.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.