Amsa ga mai tambaya: shin girman jiki ne kaɗai ya ba Anton Geesink lambar zinare a Olamfik?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko Anton Geesink gwanin judo, wato kokawar Japanawa, ne da gaske, ko kuwa ƙato ne kawai da ya danne ɗan Japan da nauyi. Girman ya taimaka masa, ban musa ba, mutum ne mai tsawon mita 1.98. Amma duk wanda ya tsaya a nan ya tauye masa haƙƙi.

An haife shi a Utrecht ta ƙasar Holan a 1934. A 1961, a Paris, ya doke Koji Sone ya zama zakaran duniya na farko da ba ɗan Japan ba. Da judo ya shiga Olamfik a Tokiyo a 1964, rukuni huɗu aka yi. Japan ta kwashe uku. Na huɗun, wanda ba a ƙayyade nauyi a cikinsa, shi ne suka fi ɗora wa rai, kuma shi Geesink ya ɗauke a hannun Akio Kaminaga, zakaran Japan har sau uku.

To, dubi riƙon da Geesink ya ci Kaminaga da shi, wanda ake kira kesa-gatame. Abokin karawa yana rigingine, kai kana zaune a gefensa na dama. Hannunka na dama ya zagaye wuyansa, damtsensa na dama yana matse a hammatarka ta hagu, ka riƙe hannun rigarsa gam. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ƙugu a ƙasa, kai a sunkuye, haƙarƙarinka na kan ƙirjinsa. A lokacin sai ka cika daƙiƙa 30 a haka kafin alƙali ya ba ka ippon, wato cikakken makin da ke ƙare wasa, yanzu 20 ne.

Nan ne ƙarti ke shan kunya. In ka jibga nauyinka ya zarce tsakiyar ƙirjinsa, sai ya banƙare da ƙafafu da kafaɗu ya mirgina da kai, nauyin naka ne ma zai taya shi. In ka bar 'yar tazara tsakanin ƙugunka da hammatarsa, ya zare gwiwar hannu ya sulale. In ƙafarka ta baya ta yi sake ya harɗe ta da nasa ƙafafun, alƙali ya ce toketa, riƙo ya warware. Kaminaga ya san duk waɗannan hanyoyin, amma bai sami ko ɗaya a buɗe ba. Geesink ya daɗe yana zuwa Japan atisaye, musamman a Jami'ar Tenri, ya kuma ba kokawar ƙasa muhimmancin da mutane da yawa ba su ba ta a zamanin.

Ana bayyana nasararsa, 'yan ƙasarsu suka yunƙuro za su hau tabarma don murna, ya ɗaga hannu ya dakatar da su, domin ba a riga an yi gaisuwar rufewa ba. Japanawa ba su manta masa wannan ba.

Ya ƙara cin kambun duniya a 1965, ya shiga Kwamitin Olamfik na Duniya a 1987, hukumar judo ta duniya ta ba shi matakin ƙwarewa mafi girma, wato dan na 10, a 1997, ya rasu a 2010.

Wassalam.