Kafin a sa wa jif zoben ƙari, a fara auna ta daidai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu manyan motoci ƙirar jif, da 'yan'uwana makanikai masu aikin ƙafar mota, kan wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum zai canza sifirin da shoka, ya sa masu ƙarfi ko masu tsawo, a sauke mota daga kan jak, sai ya ga baya ya ɗage, ko ta karkata gefe guda. Nan take sai a ce a kawo zoben ƙari, wato zoben da ake ɗorawa a kan sifirin ko shoka don ƙara wa mota tsayi, a cusa. Sau da yawa motar lafiyarta ƙalau, awon ne ba a yi shi yadda ya kamata ba.

Da farko, sabon sifirin yana buƙatar ya zauna. A bar motar ta yi tafiyar kilomita ɗari biyu zuwa ɗari biyar da kayan da ta saba ɗauka, sannan a yanke mata hukunci. Wanda ya daidaita ta ranar da aka ɗaura, aiki biyu zai yi.

Idan lokacin awo ya yi, a ajiye ta a kan daɓe mai shimfiɗa sosai, tanki a cike, iskar tayoyi daidai da juna, sitiyari a miƙe. A tura ta gaba da baya 'yan mitoci kaɗan, domin motar da aka sauke daga jak tayoyinta na gaba suna riƙe ƙasa, sai ta tsaya sama da tsayinta na gaskiya. Sannan a ɗauki tef a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda, a kowace kusurwa, a rubuta da milimita. Kada a auna daga ƙasa, don cin taya da ƙarancin iska za su shiga lissafin su ɓata shi. Wanda ya yi wannan awo tun kafin a kwance tsofaffin kayan ya fi kowa samun sauƙi, domin yana da abin kwatance.

Game da ɗagawar baya, masu ƙera mota da gangan suke barin baya ya ɗan fi gaba tsawo, saboda in an loda kaya da fasinja ya sauko ya daidaita. A ganina barin milimita 15 zuwa 25 ya fi a mayar da ita sak kamar tebur. Jif ɗin da aka daidaita cif tana wofi, da an ɗora mata kaya sai ta zauna da gindi, hanci ya kalli sama, fitila ta shiga idon masu tahowa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Amma in baya ya wuce gaba da nisa sosai, a duba ko an sayi sifirin da aka yi wa motar da kullum take ɗauke da nauyi. Irin wannan a canza shi kawai. Ɗaga gaba don ya cim masa neman wata matsalar ne. Haka nan in gaba ya duƙa bayan an sa bamba ta ƙarfe da winci, sifirin mai ƙarfi ake buƙata, zobe ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Shoka kuwa ba ita ke riƙe tsayin mota ba, aikinta hana lilo.

Karkatar gefe ta fi wuyar sha'ani. Tankin mai, batir da direba sukan taru a ɓangare ɗaya, shi ya sa wasu kamfanoni suke yin sifirin na hagu da na dama da ɗan bambancin tsawo. A fara duba ko ba a musanya su ba, da kuma ko bakin sifirin ya faɗa cikin gurbinsa a mazauni. Bambancin da bai kai milimita 10 ba ni dai ba na damuwa da shi. In ya wuce haka, a kwance sitabilaiza, wato sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, a gefe ɗaya a sake awo, don ita ma takan ja mota ta karkata. A kuma tuna kusurwoyin mota suna aiki ne a gicciye: in bayan dama ya yi tsawo, gaban hagu ne zai duƙa. Ana iya ɓata yini guda ana gyaran gaba alhali ciwon yana baya. Motocin Toyota masu na'urar KDSS, wadda ke sarrafa sitabilaiza da matsin mai, kamar wasu Land Cruiser da Prado, suna da nasu ƙa'idar sakin bawul kafin aiki, a bi littafin motar.

Idan an tabbatar ƙarin ake buƙata, ga inda lissafi ke kuɓuce wa mutane. A baya mai aksul guda, zoben milimita 10 kusan milimita 10 yake ɗagawa. A gaban da kowace taya take da hannayenta daban, shoka tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, don haka milimita 10 a kan shoka kan koma 15 zuwa 20 a wajen taya. A ƙara rabin abin da ake nema, a sauke, a tura, a sake awo. In za a daidaita shoka mai zare da ake murɗawa don matse sifirin ɗin da ke jikinta, ko sandar toshan, wato sandar ƙarfe da ke yin aikin sifirin a wasu motoci, a ɗaga motar tukuna a sauke musu nauyi, a yi alama, a ƙirga zagayen da aka yi a kowane gefe. Duk abin da aka ƙara a tsayi ta wannan hanya, an rage shi ne daga damar da taya take da ita ta sauka cikin rami, shi ne ƙarar "gaf" da ake ji a kan hanya mai gargada. Matse sifirin kuma da na'urar matse shi ta ainihi ake yi, mota tana kan sanduna masu riƙewa, ba kan jak kaɗai ba. Sifirin da ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

A gaba, da an haura kamar milimita 50 na ɗagawa, shaf ɗin da ke juya taya yana aiki a karkace, robarsa ta yage, bol-join na sama ya kai maƙura, a nan ake buƙatar hannun sama na musamman. A baya kuwa sandar da ke riƙe aksul a gicciye tana jan shi gefe, sai a ga taya ɗaya ta leƙo waje. Mai daidaitawa ake sawa. A duba tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, lokacin da taya take rataye, kada su miƙe tsam.

Notunan da suka ratsa bushin na roba ba a ɗaure su sai nauyin mota yana kan tayoyinta. In aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta riƙe motar sama na ɗan lokaci, sannan ta tsage. Bayan duk wannan ne ake zuwa alaimen, domin kowane canjin tsayi yana taɓa tsayuwar taya. Daga nan a saita fitilun gaba, mota mai na'urar auna tsayi kuma a haɗa ta da kwamfuta a sanar da ita sabon matsayinta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani makaniken ƙafar mota