Godiya ga Alhaji maigareji da yaransa a Garwa, kan shirya ɗanmu da suka yi don hanyoyin dajin Ostireliya

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da dukan yaran garejinka.

Bayan gaisuwa da fatan ana aiki lafiya, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, ko da yake na riga na yi maka ita baki da baki. Abin da kuka yi wa ɗan ƙanwata ya kamata mutanen Garwa su ji shi, musamman iyayen da 'ya'yansu ke shirin doguwar tafiya a mota. Ka ce kada in sa sunanka, na kuwa bi umarninka. Direbobin da ke bin hanyoyin burji na wajen Poli da Rai Buba sun san garejin da nake nufi, wanda ba a rasa Land Cruiser ko Hilux a gindin darbejiyarsa.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, yaron nan a Faransa aka haife shi, a can ya girma, fasfon Faransa yake riƙe da shi. Da ya gama karatu sai ya nemi bizar da Ostireliya ke ba matasa ta hutu haɗe da aiki, mai lamba 417. Bizar tana ba mutum watanni 12 ya zaga ƙasar yana aiki yana ciyar da kansa, kuma galibi ba ya wuce watanni 6 a hannun mai gida ɗaya. Ana ba masu shekara 18 zuwa 30, wasu ƙasashe kuma har 35, Faransa na cikinsu. Sai mutum ya nuna yana da guzurin da ya kai kimanin dalar Ostireliya 5,000. Wanda ya yi kwana 88 yana aikin gona ko kiwo a karkara yana iya neman shekara ta biyu. Wannan ne ya sa yaron ya ƙudura zai sauka a birnin Adelaide da ke kudancin ƙasar, ya sayi tsohuwar mota, ya nufi arewa neman aiki a gandun shanu.

A nan bari in tsaya in yi wa 'yan'uwana magana ɗaya, don na san za a tambaya. Fasfon Kamaru ba ya cikin waɗanda ake ba wannan biza, haka na Cadi da na Najeriya. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo muku ita da fasfonmu, ku riƙe kuɗinku.

Hankalin mahaifiyarsa bai kwanta ba, kuma tana da gaskiya. Babbar hanyar da zai bi, Stuart Highway, ta tashi daga Port Augusta ta ratsa tsakiyar ƙasar har Darwin, fiye da kilomita 2,700, ta Coober Pedy da Alice Springs da Tennant Creek da Katherine. Tsakanin Glendambo da Coober Pedy kaɗai akwai fiye da kilomita 250 babu gidan mai, kusan nisan Garwa da Ngaundere ke nan. Da mutum ya sauka daga kwalta ya shiga hanyoyin da ke kai wa gandayen shanu, sai ƙasa da rairayi da gargada, waya ba ta kamawa, kuma yana iya wuni bai ga wata mota ba. Zafinsu ma ba wasa ba ne: a Oodnadatta, a watan Janairun 1960, an auna digiri 50.7. Yaro kuwa duk tuƙinsa a titunan Faransa ya yi shi, inda in mota ta tsaya sai a buga waya a zo a ja ta. Bai taɓa kwance taya da hannunsa ba. Shi ya sa da ya zo gida gaida kakarsa a watannin bazara, uwarsa ta roƙe ni in nemo masa wanda zai koya masa mota. Na kawo shi wurinka.

Alhaji, abin da ka fara yi shi ne ya fi burge ni, har yau ina ba da labarinsa. Ina tsammanin za ka miƙa masa sifana ka tura shi ƙarƙashin mota. Sai ka ce ya buɗe taswirar hanyar a wayarsa, ka kira yaronka mai jin Faransanci sosai, kuka zauna a kan benci kuna lissafi: daga wannan gari zuwa wancan kilomita nawa, ina mai, ina ruwa, motar da yake son saye lita nawa take sha, in iska ta taso gaba ko hanya ta yi rairayi nawa za ta ƙara sha. Ka sa ya rubuta komai da biro a littafi, domin waya tana mutuwa. Ka ce masa duk gidan man da ya gani ya cika tanki ko da rabi ne kawai ya sauka. Ruwan sha kuma ka hana shi zuba shi a babbar jarka ɗaya, ka ce ya raba shi jarkoki da yawa, don in ɗaya ta huje sauran su tsira, kuma ruwan lagireto dabam, na sha dabam. Sai da ya iya wannan lissafi ba tare da an taya shi ba, sannan ka yarda ya taɓa inji.

Daga nan aiki ya kankama, a cikin zafin Maris da Afrilu da duk ɗan Garwa ya sani. Kullum da safe kafin a ta da kowace mota, shi ne mai duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki da fambel, ya leƙa ƙasa ya ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Ya koyi sauya tiyon da ya fashe, da ɗaure shi na wucin gadi in babu sabo. Ya koyi cewa ba a buɗe murfin lagireto inji na tafasa, kuma in allurar zafi ta fara hawa, kunna hitar cikin mota na rage wa inji zafi kafin a sami wurin tsayawa. Kun bar wata mota mai shan gas ta shanye manta ƙaf da gangan, don ya koyi fitar da iskar da ta shiga layin mai ya sake ta da ita. Mai wayarinku ya nuna masa fiyus da yadda ake gane wanda ya ƙone, da wanke kan batir. Mai facin da ke maƙwabtaka da ku, Allah ya saka masa, ya ba shi tsofaffin tayoyi ya yi ta hudawa yana toshewa har hannunsa ya faɗa.

Ranar da kuka tafi da shi busasshen mayo, wato rafi, a bayan gari ina wurin, na ga komai da idona. Ka bar shi ya shiga rairayi da tayoyi cike da iska har motar ta kafe, ya yi ta ba ta wuta tana ƙara nutsewa, ba ka ce uffan ba sai da ya kashe ya fito. Sannan ka nuna masa: a rage iskar taya zuwa kusan rabi don ta baje a kan rairayi, a haƙe gaban ƙafafun da shebur, a sa faifan katako ƙarƙashin jak don kada ya lume, a tashi a hankali ba da fushi ba. Ka kuma ja masa kunne cewa da ya koma kwalta ya mayar da iskar, in ba haka ba taya za ta ɗau zafi ta fashe, don haka famfo da gejin iska ba sa barin mota. Ka sa ya maimaita shi kaɗai, yaranka na tsaye ba wanda ya kama masa. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, amma ya fitar da ita.

Dole in ambaci tsohon direban nan da ke zama a garejinka da yamma, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Ngaundere zuwa Kusiri da Njamena. Shi ne ya ba yaron dokokin da ba na ƙarfe ba. Kada ya tashi sai ya gaya wa wani inda za shi da lokacin da ya kamata ya isa. Kada ya yi tuƙi da asuba ko almuru ko dare. In mota ta mutu a daji, kada ya bar ta ya kama tafiya da ƙafa neman taimako, domin ita ce inuwarsa, a cikinta ruwansa yake, kuma masu nema sun fi saurin hango mota da hango mutum. Da yaron ya koma gida ya karanta shawarwarin hukumomin Ostireliya ga masu shiga daji, sai ya tarar da su kusan kalma da kalma. Su ma suna hana tuƙin almuru saboda kangaru da shanun da ke yawo babu shinge, har da raƙuman daji, waɗanda aka kai kakanninsu ƙasar tun ƙarni na 19. Tsohon bai taɓa ganin Ostireliya ba, bai kuma karanta takardarsu ba, amma daji ya koya masa abin da ya koya musu. Na ga yadda fuskar yaron ta sauya daga ranar, ya fara durƙusawa sosai in zai gaishe shi.

Abin da ya sa na ce a yaba maka a fili, Alhaji, shi ne gaskiyarka. Yaro ne da ya zo daga Turai, kowa ya san an ɗauka da kuɗi a aljihunsa. Shi da kansa ya ce a haɗa masa kayan gyara ya tafi da su, fambel da filta da tiyo da sauransu. Da ka so, da ka cika masa jaka ka yanka kuɗin da ka ga dama, ba shi ba ni ba wanda zai gane. Ka ƙi. Ka ce ba a sayen kayan motar da ba a riga an saya ba, ya bari sai ya ga motar da lambar injinta ya saya a can. Ka rubuta masa sunayen abin da zai nema kawai. Kuɗin da ka karɓa na man da aka ƙona ne da ɗan abin goron yara, shi ma sai da na nace.

Haka kuma ba ka yi da'awar sanin abin da ba naka ba. Ka gaya masa dokokin hanyarsu da takardun mota da inshora ya nemi bayaninsu daga hukumomin can, kada ya dogara da zancen gareji. A can hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama. Ba ka da irin motar, amma ka samo dabara: ka zaunar da shi a kujerar mai zaman banza, inji a kashe, ya yi ta sauya giya da hannun hagu har ya saba. Da ya gaya maka tirelolinsu na jan wagunu uku ko huɗu, tsawonsu har mita 53.5, ka ce irin wannan ba a wuce ta sai an hango hanya fetal mai nisa, in kuma ta taso gaba a kan burji a sauka gefe a tsaya ƙura ta lafa. Kai ne kuma ka matsa masa ya sayi 'yar na'urar nan da ke aika kiran ceto ta tauraron ɗan'adam inda waya ba ta kamawa, ka ce ko kuɗin motar zai rage ya rage. Ya saya ya yi mata rajista da ya isa. Sanin cewa akwai ta, da kuma likitocinsu masu zuwa daji da jirgin sama, waɗanda suka fara aiki tun 1928, shi ya sa uwarsa ta fara samun barci.

Yaranka ma sun yi halin girma. Hausarsa ba ta nuna ba, Fulatanci kuwa gaisuwa kawai ya iya. Ba wanda ya yi masa dariya. Suna haɗa Hausa da Faransanci da nuni da hannu, suna ci da shi a kwano ɗaya, har ya koma yana kiranka maigida kamar yadda suke kiranka.

Aikinku bai ƙare da tashinsa ba. Da ya isa Adelaide a watan Mayu ya shiga neman mota, duk wadda ya gani sai ya ɗauki hoton bidiyo na inji da ƙarƙashinta da hayaƙin salansa ya turo maka ta WhatsApp. Suna gabanmu da awa takwas da rabi, don haka saƙonsa na azahar da asuba yake iso maka, kai kuwa kana fitowa daga masallaci kake saurara ka ba shi amsa. Wata ka ji ƙarar injinta ka ce ya bar ta. Wata ka sa ya buɗe murfin baƙin mai, da ka ga farin kumfa a jikinsa ka ce ruwa na haɗuwa da mai, ya yi gaba. Wadda ka amince da ita, ka ce duk da haka ya kai wa makaniken can ya ɗaga ta ya duba, domin ido a waya ba ya maye gurbin hannu. Ita ce ta kai shi arewa lafiya. Yanzu yana aiki a wani gandun shanu a yankin Katherine, yana ƙirga kwanakinsa 88, yana kuma sa ran aikin tsinkar mangwaro in lokacinsa ya zo wajen Oktoba.

Ina da roƙo ɗaya, Alhaji. Matasanmu da yawa suna karɓar lasin tuƙi su hau hanyar Marwa ko gangaren dutsen Ngaundere ba su san ko rabin abin da ka koya wa yaron nan ba. In za ka ware ko da yammacin Asabar ka riƙa zama da su, kai da tsohon direba, ni da wasu iyaye a unguwarmu mun yi shawara za mu ɗauki nauyin mai da tsofaffin tayoyin koyo. Zan zo gareji ranar Juma'a bayan an sauko mu tattauna.

Mahaifiyarsa ta ce in isar da gaisuwarta gare ka da iyalinka, kakarsa kuma tana sa maka albarka. Allah ya ƙara buɗi a garejin nan, ya tsare hannuwanku daga tsautsayin ƙarfe, ya sa yaranka su yaye lafiya su buɗe nasu.

Wassalam.

Naka,
Kawun yaron, daga unguwar Yelwa, Garwa