A daina ce wa tsohon soja "bar ƙwaya tukuna"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili mu yi magana kan sojoji da 'yan sa-kai da suka dawo daga bakin daga jiki lafiya lau, amma barci ya ƙaurace musu. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, samarin da suka yi zaman Kolofata, Fotokol da Darak ba sa ƙidayuwa. Haka 'yan uwanmu na Cadi da suka ga ranar 23 ga Maris 2020 a Bohoma, inda sojoji kusan 100 suka kwanta dama. Da yawan waɗanda suka tsira, mai teburin ƙwaya ne ya zama likitansu.

Ciwon ba ya ɓuya ga wanda ya san shi. Mutum ya shiga masallaci, sai sahun ƙarshe, dab da ƙofa. Salansar babur ta yi ƙara a kasuwa, ya kife ƙasa kafin ya ankara. Ƙaurin babbaka ranar Layya ya hana shi fitowa daga ɗaki. Uwargida ta naɗe tabarmarta ta koma wajen yara, don ya taɓa shaƙe ta cikin mafarki. Idan haka ta wuce wata guda tana hana shi sana'a da zaman iyali, to ciwon firgici ne, kuma yana da magani. Masu ce masa rago ko mahaukaci ƙara masa kaya kawai suke yi.

Tiramol, ƙwayar nan ta kashe ciwo da ya fara sha don gadin dare, yanzu shi ke danne masa hotunan yaƙin da ke dawo masa. A asibiti miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, ba a wuce 400 a yini. Na bakin titi kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225. Biyu na 225 kaɗai sun tsallake iyaka, shi ya sa za ka ga ƙato ya faɗi yana jijjiga, a ce aljanu ne.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar nan ta "je ka bar ƙwaya tukuna, sannan a duba kanka". Wanda jikinsa ya saba, in ya tsaya lokaci guda, kafin kwana ɗaya gumi, hamma, zawo da ciwon ƙashi sun taso, su tsananta a rana ta biyu da ta uku, ba sa lafawa sai wajen mako guda. Tiramol ma ya fi sauran danginsa sharri a nan, don yana haɗawa da faɗuwar gaba, wani har gane-gane yake yi. Ga mafarkan da ƙwayar ke rufewa sun dawo gaba ɗaya. Ran na uku za ka same shi gaban mai tebur. Kulle shi a ɗaki ko sa masa mari ba ya sauya komai. Ragewa ake yi a hankali a hannun likita, misali kashi ɗaya cikin goma duk mako, ana kuma jinyar firgicin a lokaci guda. A gargaɗe shi: wanda ya yi makonni bai sha ba, in ya koma kan tsohon adadinsa, zai iya mutuwa.

Baliyam, ƙwayar nan mai sa barci, ma tarko ne. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda ya fito daga tashin hankali irin wannan magani don firgici ko rashin barci. Jaraba ta biyu yake zama, in ya haɗu da tiramol da barasar argi yana danne numfashi, barinsa farat ɗaya kuma yana kawo jijjiga mai kisa. Magungunan damuwa irin fuluwoksetin da amitiriftilin su ma ba sa jituwa da tiramol: zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa. Don haka dole majinyaci ya faɗi gaskiyar ƙwaya nawa yake sha. Masanin halayyar ɗan Adam ba ya rubuta magani, da likita yake aiki kafaɗa da kafaɗa.

A zaman farko na jinyar firgici ba a shiga labarin yaƙi. Akwai takardar tambayoyi 20, kowace da maki 0 zuwa 4, jimla 80. Wanda ya kai wajen 33 yana bukatar jinya. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko akwai bindiga a gida. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sauƙi ma take kawo masa.

Hanyar da muke ganin ta fi dacewa da mu ita ce ta ba da labarin rayuwa, wadda masanan jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, aka yi aiki da ita a Yuganda da Kwango. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta ranar haihuwa, ragowar a naɗe, wato kwanakin da ke gaba. Mutum ya ɗora fure a inda ya ji daɗi, dutse a inda ya ga bala'i, tsinke a inda shi ya yi wa wani. Kowane zama, kamar minti 90, dutse ɗaya ake ɗauka: wace rana ce, me ka gani, wane wari ka ji, yanzu da kake faɗa ina ne ke maka nauyi a jiki? Mai jinyar ya rubuta, zama na gaba ya karanta masa ya gyara. Zama 8 zuwa 12 yawanci ya isa.

Inda ake ɓata aikin shi ne tausayi. Mutum ya fara kuka da rawar jiki, sai sabon ma'aikaci ya ce "bari haka nan". Ya sallame shi ke nan tsoro na kan ganiyarsa, da wuya ya dawo. Sai an raka shi har labarin ya kai inda harbi ya tsaya, numfashinsa ya daidaita. A kuma shaida masa, shi da matarsa, cewa makonnin farko mafarkai na iya ƙaruwa. Kada ya zo a buge, kada ya ƙara ƙwaya bayan zama, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ba za ta koyi cewa tunawa ba ta kisa ba.

Tsinken nan ya fi dutse nauyi. Wanda ya yi harbi a shingen bincike, daga baya ya ga yarinya ce ba ta ɗauke da komai, yana bukatar malaminsa ko fastonsa su yi masa maganar tuba. Ruƙiyya ba ta karo da jinya, muddin ba duka, ba kuma "zubar da maganin asibiti". Tafinta, in za a yi da Fulatanci ko Barbarci ko Larabcin Shuwa, kada ya zama ɗan uwansa ko abokin aikinsa. Soja kuma ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata takardarsa ba za ta kai teburin kwamanda ba.

A 2018 gwamnatin Kamaru ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tubabbu cikin jama'a, da cibiya a Mora. Madalla. To ɗan sa-kan da ya tsare ƙauyensa da kwari da baka fa? Ba shi da lambar soja, balle asibitin bariki, kuma daga Marwa zuwa asibitin Jamot na Yawunde, inda ake duba masu ciwon ƙwaƙwalwa, ya fi kilomita 1,000. Roƙonmu a horar da nas-nas na asibitocin Mora, Mokolo da Kusiri kan wannan hanya ta igiya, tunda a Yuganda waɗanda ba likitoci ba ma sun koye ta, a ware rana ɗaya a mako, ƙwararre na zagayowa yana duba aikinsu. Ɗakin kuma ya kasance cikin sashen marasa lafiya na yau da kullum, ba allo a ƙofa.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, Marwa