Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabar Jami'ar Ghana: A Ba Tarihin Zango Malaminsa

Zuwa ga Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, Legon.

Ranki ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri daga Sabon Zango.

Roƙo ɗaya ne ke tafe da ni. Ina so a sashen tarihi a ware gurbin malami na dindindin wanda ke karanta ajami da Larabci, a damƙa masa darasi na musamman kan fataucin goro, ƙasar Gwanja da kafuwar zangunanmu.

Kayan aikin ai suna gidanku. A shekarun 1960, lokacin da Dakta Kwame Nkrumah ya buɗe Cibiyar Nazarin Afirka, Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo sun bi gidajen malamai, sun tara ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu. A ciki akwai na Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ya koma Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Malamin nan ya ga zuwan Turawa da idonsa, ya kuma rubuta abin da ya gani da Hausa da Larabci. Ɗalibin da bai iya karanta shi ba, dole ya dogara da rahoton jami'in mulkin mallaka, ya ji labarin gidansa daga bakin baƙo.

Ga abin da darasin zai warware. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta zame daga hannun Asante, su kuma suka datse mata goro, kasuwa ta karkata zuwa Kintampo. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa Salaga. Fatake da malamai suka watse, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi, wasu har nan Accra. Gidaje da dama a zangunanmu daga wannan watsewar suka samo asali. Amma jikokinsu a unguwannin Nima da Mamobi na Accra har yau sai su buɗe baki a ce musu baƙi, su rasa amsa, domin ba wanda ya zaunar da su ya karantar da su. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969 a zamanin Firayim Minista Busia kuwa kullum raguwa suke, kowa na tafiya da abin da ke cikinsa.

Na san za a ce kuɗi. To, Legon tana koyar da Larabci da Swahili, ashe tushen yana nan. Kuma zango cike yake da matasan da suka sauke Alƙur'ani, suka yi karatun littattafai a zaure, sannan suka gama sakandare. Rubutun da zai ba wani wahalar shekaru, su a zama ɗaya za su karanta shi. A ɗauki ko biyu a shekara, a biya musu kuɗin digiri na biyu, nan gaba su ne malaman sashen.

Akwai kuma takardun da ba su taɓa isa Legon ba, suna cikin adaka a ɗakunan magada, gara da danshin damina na cin su. Magada ba za su miƙa wa wanda ba su sani ba, amma za su buɗe wa ɗan unguwa idan ya zo da wasiƙar jami'a, ya ɗauki hoto ya bar musu kayansu.

Ranki ya daɗe, ke masaniyar harsuna ce, ba sai an yi miki dogon bayani ba. Ki aiko shugaban sashen tarihi ya zauna da limamai da sarakunan zango, mu za mu tara su.

Naki,
Wani malamin Islamiyya,
Sabon Zango, Accra.